Sawun Baba Azariya

Ƙararrawar coci ce ta tayar da Joanna daga gonar citta, kuma ba bugun sujada ba ne. Irin bugun nan ne na barkatai da ake yi in gobara ta tashi ko an shigo gari da bindiga. Ta yar da ciyawar da ke hannunta, ta nufi Ungwan Shemang da gudun da gwiwoyinta suka daɗe ba su yi ba.

Ta tarar filin coci ya cika. A tsakiyar taron ɗanta Yafet ne tsaye yana haki, ya ɗaga wata jar hular ulu sama. Ta san hular. Ta yayanta ce, Baba Azariya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ke zaune a Kaduna wurin ɗansa Nicholas tun da ɓarin jikinsa ya shanye.

"An ɗauke Kawu!" in ji Yafet. "Mun tashi babu shi a tanti. Ga hulansa, a hanyan ruga na tsinta!"

Jiya-jiyan nan suka iso. Nicholas da matarsa Lucia sun samu dogon hutun makaranta, suka ɗauko tsohon a motar haya da direbanta, suka biyo ta Kachia da Kwoi, suka kwana Kafanchan, duk don su cika masa burin da ya ishe su da shi: ya hau dutse ya ga kufan da aka haife shi, ya tsaya a kan kabarin uwarsa kafin Ubangiji ya kira shi. Yafet ne ya goya shi ya hau da shi. Joanna ta so ta bi su, gwiwa ta hana, sai ta cika musu kula da gwate ta tsaya tana ɗaga musu hannu.

"Direban nan ne!" wata mata ta faɗa daga baya. "Tun jiya na ga idonsa bai kwanta mini ba."

"Shi ya kira masu garkuwan. Haka suke yi."

"Samari sun riga sun hau dutse, yau zai faɗi gaskiya."

Joanna ta kutsa ta kama hannun ɗanta. "Me ya hana ka zo gona ka kira ni?"

"Mama, gwiwanki..."

"Gwiwata ta fi ran yayana?"

Ta ɗaga kai ta dubi gabas. Wani baƙin hadari ya fara leƙowa ta bayan duwatsu. Ubanta maharbi ne, kuma da Azariya ya tafi makarantar mishan, ita ya riƙa ja zuwa daji har idonta ya iya karanta ƙasa. Duk akuya ko aladen da aka sace daga nan har Manchok, ita ake kira. Ta san abin da ruwan marka ke yi wa sawu. In ya sauka, an shafe komai.

Ta ɗaure zani a ƙugu ta kama hanyar dutse.

*

Da ta ga zangon, sai da ta dafe kai. Tantuna biyu shuɗɗa a kan wani ɗan fili, murhun duwatsu, tukunya a kife, sannan sawun takalman ruwa na samarin gari ko'ina, an tattake wurin kamar an yi rawar biki.

"Yesu! Wa ya ce ku shiga nan da ƙafafunku?"

Ko waiwayowa ba su yi ba. Hankalinsu na kan bishiyar ɗorawa, inda aka ɗaure direban. Sunansa Misbahu, ɗan Kafanchan, kakansa ma a kasuwar garin ya tsufa yana sayar da atamfa. Leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya kumbura. Mai'anguwa Gershon na tsaye gabansa ya ware hannuwa, yana tare samari masu gora da adda.

"Maman Yafet, gara da kika zo," in ji Mai'anguwa, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Na aika Manchok a kira 'yan sanda, amma kafin su hau dutsen nan an gama. In ruwa ya sauka ba mu ga Azariya ba, ba ni da bakin da zai riƙe yaran nan."

"Ranka ya daɗe, ka riƙe mini su kaɗan."

Ta durƙusa gaban direban. "Ɗana, an ce an gan ka da asuba kan dutse da waya a hannu."

"Haka ne, Mama."

"Kun ji ko!" wani ya daka tsawa.

"Ku yi mini shiru! Wa ka kira?"

"Matata. Watanta ya tsaya, yau ko gobe. Na je na yi salla, na ɗaga waya ko zan samu sabis, ban samu ba. Wallahi tallahi, Mama, Baban nan tun daga Kaduna yake ba ni labarin jirgi, har goro ya saya mini a Kachia. Me zan ci da shi?"

"Da ka fita, yana tanti?"

"Na ji tarinsa."

"Da ka dawo fa?"

"Ban duba ba, da sauran duhu. Na shiga bargo na koma barci, sai duka ne ya tashe ni."

"A ina ka yi sallar?"

Ya nuna da haɓa. Ta je. A bayan wani dutse ta samu sawun silifas, ya je shi kaɗai ya dawo shi kaɗai. Ga inda ruwan buta ya jiƙa ƙasa, ga gurbin gwiwoyi biyu, ga inda goshi ya taɓa rairayi. Ta zagaye wurin tana sunkuye. Babu ƙafar kowa da ta zo ta same shi.

Ta dawo ta faɗa. Samarin suka yi tsaki.

"To ba sai ya yi sallan ya kira su ba?" in ji wani mai adda. "Waya na barin sawu ne?"

Ta juya ta nufi tantunan.

*

Nicholas na kaiwa da komowa da waya a sama, yana jiran kiran masu garkuwa. Idonsa ya yi ja.

"Anti, don Allah mu bi hanyan rugan nan. Lokaci na tafiya!"

"Tanti ɗaya kuka kwana da babanka?"

"A'a. Ni da Lucia nan, Baba da Yafet da direba can."

"Kun yi faɗa jiya?"

Ya tsaya cak. "Wa ya gaya miki?"

"Fuskarka."

"Ba faɗa ba ne. Na ce masa mu sauka da safe, sanyin nan zai kashe shi, an ga dutse ai ya isa. Ya ce ko gawarsa ce sai an kai ta kabarin Kaka. Na ce to ya zauna ya mutu a nan ɗin." Ya sauke wayar. "Anti, ita ce magana ta ƙarshe da na yi masa."

Wasu samari suka kalli juna. Joanna ta ga zargin ya fara neman sabon wurin sauka, ta yi maza ta shige tantin tsohon.

Bargonsa a naɗe yake, naɗin mai hannu ɗaya, a karkace. Babu takalmansa. Babu sandarsa. Ba a yage komai ba. Lucia ta leƙo.

"'Yata, kin ji ihu?"

"Ko tari ban ji ba, Anti."

"Me ya sa kuka kafa tanti a nan? Kufai ai yana gaba, can ga ruwa, ga inuwa."

"Yafet ya ce macizai sun yi yawa can, ciyawa ta rufe hanya. Ya ce mu bari ya share tukuna. Baba ya yi ta masifa."

Joanna ta gyaɗa kai ta fito. Masu garkuwa ba sa jiran tsoho ya naɗe bargo ya ɗaure takalmi. Duk wanda ya fita da Azariya, Azariya ne ya yarda ya bi shi.

"Yafet, kai ni inda ka tsinci hular."

*

Hanyar ruga siririya ce, tana gangarawa ta bayan dutse. Yafet ya tsaya gindin wata ƙaya ya nuna. Rabin samarin sun biyo su.

Joanna ta hana kowa wucewa. Ta yi gaba ita kaɗai, tana rarrafe kamar mai neman allura. Ga sawun shanu, amma gefensa ya zube, ya kwana biyu. Ga kashinsu ya bushe. Yanar gizo-gizo ta tsallaka hanyar daga wannan reshe zuwa wancan, raɓa na rataye a jiki, ba abin da ya tsinka ta. Ta gangara har ta hango rugar. Bukkoki ne kawai a buɗe, babu hayaƙi, babu kare. Masu ita sun daɗe da tashi.

Ta dawo tana dafa gwiwa. "Ba wanda ya bi hanyar nan yau, ko da tsoho ko babu tsoho."

"To hulan fa?" in ji mai adda.

"Jefo ta aka yi don mu zo nan mu ɓata rana."

"Ai shi ke nan, direban ne ya jefa!"

Suka juya da gudu suka koma zango. Ta ji ihunsu na tashi, ta ji muryar Mai'anguwa na ƙoƙarin danne shi. Iska ta kaɗa, mai sanyi, mai ƙamshin ruwa.

"Je ka taimaki Mai'anguwa," ta ce wa Yafet. "Kar ka bari a taɓa yaron nan."

"Mama, ke kuma ina za ki?"

"Zan zagaya."

"Bari in raka ki. Dutsen nan da santsi."

"Na ce ka je."

*

Ta yi wa zangon babban zobe, nesa da inda samari suka tattake. Lucia ta biyo ta ba tare da an kira ta ba, ta ce in ta zauna tana jin kukan direban nan za ta haukace.

A gefen arewa, inda ƙasa ta yi laushi, Joanna ta tsaya. Takalmin ruwa ne, irin wanda kowane manomi ke sawa, amma ya nutse sosai, yatsun sun fi dunduniya shiga, takun gajere.

"Mene ne, Anti?"

"Mutum ɗaya ne da nauyin mutum biyu. Goya shi aka yi."

"Wa?"

"Duk garin nan takalminsu ɗaya."

Suka bi. Sawun bai ɗauki tsohuwar hanyar kufai ba, sai ya karkata hagu ya shiga gamba mai tsayin mutum. Joanna na tafe tana addu'a a yarensu, tana jin gwiwarta kamar ana soka mata ƙusa. Can sai ƙasa ta ƙare, falalen dutse ya fara, faffaɗa, wankakke, babu ko ƙwayar rairayi da za ta riƙe sawu.

Ta tsaya a bakinsa ta rasa inda za ta sa ido. Hazo ya fara saukowa daga ƙololuwa.

Sai ta ga ƙullin.

A bakin falalen an kama kan gamba an ƙulle. Duk mai hawa dutse da damina yana ƙulla ciyawa don ya gane hanya in hazo ya rufe, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma mutanen garin dunƙule ta suke yi su ɗaure kawai. Wannan an raba ta uku, an kitsa kamar gashi, an lanƙwasa kan an cusa ta ƙasa, bakin yana nuna inda za a bi. Ƙullin ubanta ne. Bai koya wa Azariya ba, Azariya na makaranta. Ita ya koya wa. Ita kuma mutum ɗaya ta zaunar a cinyarta ta riƙe masa yatsu har ya iya.

Ƙulli biyu ne. Na farkon ya bushe, ya yi makonni. Na kusa da shi ɗanye ne shar, ruwan ciyawar bai ma bushe a inda aka murɗe ba.

Ta zauna a kan dutse.

"Anti? Kin ga wani abu?"

"Gwiwa ce. Je ki leƙa mini can ko akwai hanya."

Lucia na juya baya, hannun Joanna ya kai kan ɗanyen ƙullin. Ja ɗaya zai warware, ya koma ciyawa kamar kowace ciyawa. Ba wanda ya gani. Ba wanda zai taɓa sani. Yatsunta suka kama bakin, suka fara ja.

Daga can ƙasa iska ta kawo wata ƙara, muryar namiji da ake duka.

Ta saki. Ta zaro 'yar wuƙarta ta yanke ƙullin biyu daga tushe, ta cusa a zani.

*

Inda bakin ƙullin ya nuna suka bi, suka tsallake falalen, suka ɓullo wa kufai ta baya.

Lucia ta toshe baki.

Ba kufai ba ne kuma. Ramuka ne, tun daga gindin tsohuwar kuka har gangaren rafi, wasu a buɗe, wasu an rufe da rassa, wasu gamba ta haɗiye bakinsu sai ka taka ka sani. Ga tulin jar ƙasa, ga fasassun tukwane, ga rabin fuskar yumɓu mai huda a ido tana kallon sama. Joanna ta sha jin labarin masu haƙar kawunan yumɓu na mutanen da, waɗanda baƙi ke zuwa saye a ɓoye. Ba ta taɓa zaton a gidan ubanta ake yi ba.

Ta nufi gindin kukar. Duwatsun da aka jera a kan kabarin uwarta an watsar da su. A wurinsu rami ne. Ta leƙa. Babu kowa ciki, babu komai.

"Yaya!" ta ƙwala. "Yaya Azariya!"

Iska ta kwashe muryar. Lucia ma ta kira, ta sake kira, ta taka gefen wani rami ƙasa ta zube da ita har gwiwa, da ƙyar Joanna ta fizgo ta. Suka yaye rassa daga rami ɗaya, biyu, uku. Duhu da ruwan da ya kwanta. Gangaren nan kuwa hanyar ruwa ce. In sama ta buɗe, duk abin da ya sauko daga ƙololuwa nan zai bi, ramukan su cika kamar randa.

Aka yi tsawa, dutse ya amsa.

"Ba za mu gama duba su ba, Anti! Sun yi yawa!"

"Akwai wanda ya san ramin," in ji Joanna. "Zo mu je."

*

Sun tarar an kwance Misbahu daga bishiya an kwantar da shi a ƙasa. Mai'anguwa ya rasa hularsa a kokawa. Nicholas na tsaye a kan direban yana kuka yana roƙonsa ya faɗi inda aka kai ubansa. Yafet na can gefe, ya harɗe hannu.

"Kowa ya zauna!" Joanna ta faɗa da muryar da ba ta san tana da ita ba. "Na ga hanya. Amma sai na yi tambaya."

Suka lafa. Ta fizgo gamba daga gefen fili, ta rarraba.

"Hazo na zuwa, sai mun sa alama. Misbahu, tashi zaune. Ƙulla mini wannan."

Ya karɓa, ya dube ta. "Mama, yaya ake yi?" Ya ɗaure kamar bakin buhu.

"Nicholas."

"Anti, wane irin wasa ne wannan? Babana..."

"Ƙulla!"

Ya murɗa, ciyawar ta tsinke. Mai adda ya dunƙule tasa ya jefar. Ta zo gaban ɗanta ta miƙa masa.

Yafet bai karɓa ba. "Mama, ruwa zai sauka, ki bar wannan."

"Tun kana ƙarami ka fi ni sauri. Karɓi."

Ya karɓa. Yatsunsa suka raba ciyawar uku da kansu kafin ya farga. Ya tsaya. Ya dunƙule ta da sauri kamar na sauran, amma kowa ya riga ya gani.

Joanna ta zaro ƙulli biyun daga zani ta ɗaga. "Wannan busasshen, hanyar haƙarka ce, Yafet. Wannan ɗanyen, na yau da safe ne. A duniyar nan mu biyu muke wannan ƙullin, ni kuwa ina gonar citta. Ranka ya daɗe, a saki direba. Ɗana Yafet ne ya yi."

Duk ido ya koma kan Yafet.

"Mama..."

"Kai ka hana su kwana a kufai. Kai ka ce ka ga direba da waya. Kai ka tsinci hula a inda ba wanda ya bi. Na ga ramukan, Yafet. Na ga inda uwata take da."

Nicholas ya yi kukan kura ya shaƙe Yafet. Gorori suka tashi sama. Joanna ta faɗa tsakaninsu, ta rungume kan ɗanta, gora ɗaya ta sauka a kafaɗarta.

"In kun kashe shi kun kashe Azariya! Shi kaɗai ya san ramin!"

Suka ja baya kaɗan. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya zuwa yarensu, yaren da take masa waƙa da shi yana goye.

"Ba na tambayarka dalili. Wane rami?"

"Ban tura shi ba, Mama. Shi ya tashe ni, ya ce in kai shi kafin Nicholas ya farka ya hana. Na bi da shi ta baya don kar ya gani, ya gani. Ya fara dukana da sanda a kai, yana tsine mini, na zame..."

"Wane rami?"

"Za su kashe ni."

"Yana da rai?"

"Na ji yana nishi. Na rufe da ganye, na ce in an tafi neman ruga zan dawo in... ban san me zan yi ba, Mama, ban sani ba!"

Ɗigon farko ya faɗo mata a goshi, mai ƙiba, mai sanyi.

"Tashi," ta ce. "Ina bayanka. Duk wanda zai taɓa ka sai ya fara da ni. Gudu!"

*

Kafin su tsallake falalen, sama ta buɗe. Yafet na gaba, samari na bin sa da igiyoyin tanti, Joanna na jan ƙafa a baya, Lucia na riƙe da ita. Jan ruwa ya riga ya fara gangarowa ta tsakanin ramukan.

Yafet ya wuce kukar, ya gangara kusa da rafi, ya durƙusa ya yaye wasu rassa da ba mai cewa akwai wani abu ƙarƙashinsu. Ruwa na kwarara ciki ta gefe.

"Baba!" Nicholas ya ƙwala.

Sai wani sauti can ƙasa, ƙwas, ƙwas. Sanda ce ake bugawa a jikin dutse.

Bakin ramin ƙunci gare shi, gefensa na zubewa. Samarin suka tsaya suna kallon juna. Yafet ya cire takalmi, ya kama igiya ya zura ƙafa. Shi ya haƙa, ya san inda ya sassaƙa matakai.

"Ruwa ya kai masa ƙirji!" muryarsa ta fito daga ciki. "Ƙafansa ya karye. Ku ja a hankali!"

Suka ja. Igiya ta ci tafin hannu, ƙasa ta zube, aka tsaya, aka sake ja. Farin kai ya ɓullo, sannan kafaɗa, sannan Baba Azariya gaba ɗaya, jar laka tun daga gira har ƙafa, leɓensa ya yi fari, hannunsa mai lafiya na damƙe da sanda. Joanna ta cire ɗankwalinta ta goge masa fuska.

"Yaya. Yaya, ni ce."

Ya buɗe ido da ƙyar. "Kin daɗe," ya ce.

Nicholas ya cire rigarsa ya lulluɓe shi. Aka yi gadon ɗauka da sandunan tanti. Misbahu, da ya biyo su yana ɗingishi, ya tofar da jini ya share baki.

"Ku yi maza ku sauko da shi," ya ce, bai kalli kowa ba. "Kafin rafin Manchok ya cika. Har yanzu dai ni ne direban."

Masu ɗauka suka wuce. Waɗanda suka rage suka tsaya a bakin ramin. Igiyar na hannun mai adda, a naɗe, bai mayar ba. Daga ƙasa ana jin ruwa na zuba, ana jin Yafet na ƙoƙarin kama matakan da suka riga suka narke.

"Mama!"

"A bar shi ya ɗanɗana," in ji mai adda.

Joanna ba ta roƙe shi ba. Ta fizge igiyar, ta ɗaura a ƙugunta, ta jefa ɗaya bakin ciki, ta zauna a laka ta tokare ƙafafu da dutse. Nauyin ya fizge ta, gwiwarta ta yi ƙara, ta ciji leɓe ta riƙe. Tana zamewa kaɗan-kaɗan zuwa bakin ramin.

Mai'anguwa ya yar da sandarsa ya kama igiyar. Ya waiwaya ya dubi samarin. Ɗaya ya zo, sai wani.

Yafet ya fito ya kife a gabanta yana aman ruwa. Ya kai hannu zai kama ƙafarta, ta janye.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ga shi. 'Yan sanda na ƙasa. Ba mai dukansa a hanya, ba mai sakinsa."

Aka sa shi gaba. Ta miƙe da ƙyar ta bi bayansa, taku ɗaya tsakaninsu, har gindin dutse. Ƙafarsa babu takalmi. Duk inda ya ɗaga ta, kafin ita ta taka wurin, ruwa ya cike gurbin.